Mahasin da Jan Alƙalamin Dakta Bakri

Mahasin Harun takan bar gida a unguwar Faisal ta birnin Alƙahira tun masu sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, suna jera kwanoni. Mikrobas ce ke kai ta tashar metro, ta sauka a Shuhada ta canja jirgi, ta miƙe sai Ainu Shams. In ta dace da kujera a taragon mata, sai ta rufe ido. Ba barci take yi ba. Da kunne take ƙirga tashoshi, tana jin inda jirgin ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ya shaƙi iska, tana jin mai tallan allura da zare tana ratsa mutane. Wannan ɗabi'a ta girmi zamanta a Alƙahira da shekara arba'in.

Haihuwar Maiurno ce, a ƙasar Sudan, a bakin kogi, garin da kakanninta suka yada zango a kan hanyar Makka, zangon ya zame musu gida. Hausa ce harshen tsakar gidansu, Larabci na kasuwa da makaranta. Kakarta Dije, wadda kowa ke kira Habboba, ta makance tun ba a haifi Mahasin ba, kuma da yarinyar ta kai shekara bakwai sai aka ɗora mata jagorancin tsohuwar. Ranar farko da suka fita, suna kan hanyar gidan biki, Mahasin ta ce, "Habboba, ga rami can."

Tsohuwa ta tsaya cak.

"Can ina? Ke 'yar nan, can ba wuri ba ne. Ni ban taɓa zuwa can ba. Ki ce mini taku nawa, dama ko hagu, kuma ki fara daga inda nake tsaye."

Habboba ba ta sassauta wannan doka ba har ta koma ga Allah. In aka yi baƙi, Mahasin za ta tsaya da ita a bakin ƙofa ta jero mata ɗakin, wa ke kan gadon igiya, wa ke kan tabarma, daga dama zuwa hagu. In ta tsallake mutum ɗaya, tsohuwar za ta ji numfashinsa ta ce, "Wannan mai mura fa, aljani ne?"

Daga baya Mahasin ta koyi buga rubutu a Madani, ta yi aure ta koma Omdurman. Shekara ashirin da biyu ta yi a wani ɗan shago kusa da kasuwa tana buga wa mutane koke da wasiƙu da kundin kammala karatu. Mijinta Tarig ya rasu gari yana lafiya, bai ga abin da ya biyo baya ba. Da yaƙi ya shigo unguwarsu ta rufe shagon, ta sa makullin a jaka kamar mai komawa jibi, ta hau bas da ƙanwarta zuwa kan iyaka. Makullin yana nan a jakar har yau.

A Alƙahira yatsunta ne suka sama mata abinci. Wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a gefen Ainu Shams, inda ake karantar da shari'a da Larabci, tana neman mai buga muzakkira, wato littafin darasin da kowane malami ke rubutawa da hannunsa. Aka ba ta tebur a ɗakin ƙarƙashin matakala, kusa da injin kwafi da ke huci kamar saniya.

A shekararta ta biyu takarda ta zo daga hukumar da ke sa ido kan kwalejoji. Ta ce duk abin da kwaleji za ta ɗora a shafinta na intanet, daga muzakkira har jadawalin jarrabawa, dole ya zama ɗalibi makaho zai iya bin sa da manhajar nan da ke karanta rubutu da murya. Kowane hoto kuma a haɗa shi da bayanin abin da ke cikinsa, tunda manhajar rubutu take karantawa, ba ta ganin hoto. An sa wa'adi, an ce kwamiti zai zo ya duba.

Aikin ya faɗa kan Ustaz Alaa, mai kula da kwamfutocin kwalejin, mutum mai saurin hannu da saurin dariya. Rubutu dai Mahasin ta riga ta buga shi, sai hotuna. Alaa yana da wata manhaja mai gwada shafi, ta nuna ja in akwai gyara, kore in babu. Bai daɗe ba ya gano cewa abin da take dubawa kawai shi ne ko akwatin bayanin hoto fanko ne. Sai ya cika dukkan akwatunan lokaci guda da kalma biyu: hoton bayani. Kafin la'asar shafin kwaleji ya yi kore shar. Shugaban kwaleji ya aika aka sayo basbusa, wainar nan mai zaƙi, aka raba har ɗakin ƙarƙashin matakala. Mahasin ta ci nata, ta lashe yatsa.

Bayan kwana uku ta ji sanda tana bugun matakala, sannan ta ji an yi tuntuɓe da dokin ƙofarta an ce, "Wayyo ƙafata!" da Hausa tsantsa.

"Sannu, 'yata," in ji Mahasin. "Ɗaga ƙafa, tudun kamu ɗaya ne. Taku biyu gabanki akwai kujera, hannun hagu."

Budurwar ta tsaya, fuskarta ta buɗe. "La! Bahausa a ƙarƙashin bene? Amma Hausar nan taki irin ta kakata ce."

"Kakarki ta iya magana ke nan. Zauna."

Sunanta Nana Aisha Lawali, daga Gusau, mahaddaciyar Alƙur'ani, tana shekarar ƙarshe. Ƙyanda ta tafi da idonta tana 'yar shekara huɗu. Duk darussan kwalejin ta cinye su da kunne, sai guda ɗaya, ilimin rabon gado, wanda ta faɗi bara. Dokar kwalejin ita ce wanda ya faɗi darasi ɗaya sau biyu an sallame shi. In aka sallame ta, tallafin karatunta ya tsaya, takardar zamanta a ƙasar ta mutu, ta koma Gusau da shekara huɗu a kai ba takardar shaidar karatu a hannu. Saura mako bakwai jarrabawa.

Ta ajiye wayarta a kan tebur, ta kira ta inna da Larabci. "Khalti, an ce an gyara mana shafi, har basbusa aka ci. Ji gyaran."

Murya ta fito daga wayar, mai sauri, marar numfashi: "Mas'ala ta ɗaya. Hoton bayani. Mas'ala ta biyu. Hoton bayani. Mas'ala ta uku. Hoton bayani."

Muzakkirar Dakta Bakri ce, malamin gado. Rubutun cikinta bai fi shafi goma ba. Sauran duk zane ne, bishiyar dangi, mamaci a tsakiya, layuka suna fita daga gare shi zuwa magada, kowa da kasonsa a ƙarƙashin sunansa. Zane ɗari biyu da goma sha huɗu. Mahasin ce da kanta ta ɗora su a injin ta mai da su hoto. Tana sauraren muryar nan tana maimaita kalma biyu, sai ta ji zaƙin basbusar ya dawo mata maƙogwaro.

"A aji fa?" ta tambaya. "Ba ya bayani?"

"Yana yi, har gumi yake yi. Allo ne yake yi wa."

Mahasin ba ta yi alkawari ba. Ta dai ce a dawo ranar Lahadi.

Ta fara ita kaɗai. Ba ta san ilimin gado ba, amma ta ce ai tana da ido, abin da ta gani shi za ta faɗa. Tana gama aikin ofis sai ta buɗe hoto ɗaya, ta mai da shi jimloli. Ranar Lahadi ta tura wa Nana Aisha guda ashirin a waya, ta zauna tana kallon fuskarta. Yarinyar tana gyaɗa kai, leɓenta yana motsi tana lissafi. A na goma sha ɗaya ta tsai da muryar.

"Khalti, wa ya kashe uban?"

"Wane uba?"

"Na wannan mas'alar. Kin ce mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya, da uwa, da uba, da ɗan'uwa. Sannan kika jera ɗan'uwan cikin masu gado. Ɗan'uwa ba ya cin gado uba na raye. Ko dai kin kashe tsohon a hanya, ko kuma wani abu ya ɓace."

Mahasin ta ƙara girman hoton har ya cika allon. A kan sunan ɗan'uwan akwai wani ɗan dishi-dishi, kamar sawun tururuwa. Nan ta tuna. Dakta Bakri da alƙalami biyu yake zane. Baƙi na masu gado ne, ja kuwa da shi yake soke duk wanda wani ya hana. Injin ɗakinta baƙi da fari kawai ya sani, kuma kwafin kwafi aka ba ta. Jan ya mutu a hanya. Masu ido suna ganinsa a allon aji, su soke a nasu littafin da hannu. Ita kuwa mako guda ta yi tana raba wa mutane gadon da ba nasu ba.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Na so in kai ki rami da hannuna."

"Ai ban faɗa ba," in ji Nana Aisha. "Amma sauran ɗari da casa'in da huɗun, ban san inda ramukan suke ba."

Sai asalin muzakkirar, mai jan alƙalami. Kowa a kwalejin ya san inda take: cikin jakar fatar Dakta Bakri, naɗe a leda, kuma tun da ya fara koyarwa ba ta taɓa kwana a hannun wani ba. Mahasin ta same shi a baranda ta roƙa. Ya saurare ta da ladabi, ya ce Ustaz Alaa ya tabbatar masa komai ya yi kore, ɗalibar kuma ta nemi ƙawa ta karanta mata kamar yadda aka saba. Ya wuce.

Washegari bayan azahar ta hau ofishinsa, Nana Aisha tana biye da ita riƙe da gefen mayafinta. Dattijon yana juya shayi.

"Ya Dakta, alfarma ɗaya. Ka rufe ido."

"Ni? Madam, shekarata saba'in da ɗaya. In na rufe ido a wannan lokaci sai la'asar."

"Minti biyu kawai."

Ya yi dariya ya rufe. Nana Aisha takan ɗauki kowane darasi a waya, sai ta kunna na makon da ya wuce. Muryarsa ta cika ofishin, tare da ƙarar alli: "To, wannan ta ɗauki nata daga nan. Wannan kuwa, kun ga wannan? Shi ya hana wancan. Abin da ya rage sai ya gangaro nan, a raba tsakanin wannan da wannan. Ya fito sarai?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Sarai, ya Dakta."

Mahasin ta ce, "Wa ya rasu, wa ya bari?"

Idonsa a rufe ya ce, "Mai sauƙi. Wannan mas'alar miji ce da 'yan'uwa mata biyu."

"Gafarta, Dakta," in ji Nana Aisha, "da aka tashi na tambayi maƙwabciyata. Ta ce babu miji a ciki."

Ya sa aka sake kunnawa. Ya saurara har ƙarshe. Da ya buɗe ido bai kalli kowa ba, shayinsa ya kalla.

"Wanda ya koya mini wannan ilimi makaho ne," ya ce. "A wani masallaci a Tanta. Shekara uku ina gabansa, bai taɓa nuna mini komai da yatsa ba. Kowa da sunansa yake kiransa, har jikar ɗan baffa." Ya jawo jakar ya ɗora a cinya, ya dafa ta da hannu biyu. "Takardun nan ba za su bar ɗakin nan ba."

"Ni zan zo musu," in ji Mahasin.

Saura ƙofa ɗaya, ta Ustaz Alaa, don shi kaɗai ke da ikon canja abin da ke shafin.

"Madam Mahasin, kore ne!" ya ce, yana juyo mata allon kwamfutarsa. "Me kike so, wanda ya fi kore kore? Kwamiti na zuwa nan da kwana goma. In kika taɓa wani abu ya yi ja, ni za a yanka."

"Koren naka ba ya magana, ya Ustaz."

"Ba a ce ya yi magana ba. An ce a cika akwati. Na cika. Khalas."

Ta zaro abin kunne daga jaka ta miƙa masa, ta miƙa hannu ta kashe allonsa. "Ga muzakkirar gado. Karanta mini mas'ala ɗaya, in tafi ban sake hawa benen nan ba."

Ya saka, yana murmushi. Murmushin bai kai mas'ala ta shida ba. Ya cire abin kunnen ya ajiye, ya rubuta kalmar sirrin shafin a ƙaramar takarda ya tura mata. "In ya yi ja, ban san ki ba. Ban taɓa jin akwai ƙasa mai suna Sudan ba."

Daga ranar, kullum bayan azahar Mahasin za ta ɗauki kwamfutar ofis ta hau bene na uku. Dakta ya riƙe takarda a hannunsa, ita tana bugawa. A ranar farko suka yi gardama a kan inda za a fara. Shi yana so a fara da masu kaso tabbatacce, kamar yadda littattafai suke yi. Ita ta ce a'a, daga mamaci za a fara, don nan ne mai sauraro yake tsaye. A faɗi namiji ne ko mace. Sannan waɗanda ke sama da shi, sannan na gefensa, sannan na ƙasa, kamar mai shiga ɗakin baƙi. Bayan an san kowa, sai a faɗi wanda aka hana da wanda ya hana shi, sannan kaso. Dakta ya ce wannan ba tsarin malamai ba ne. Ta ce tsarin kakarta ne. Ya tambaya a ina kakar ta yi karatu. Ta ce a duhu, shekara hamsin.

Da wuya dattijo ya bar abin da bakinsa ya saba. Yana cikin bayani sai ya ce, "Wannan kuma ta hana wannan."  Sai Mahasin ta ɗage hannu daga kan haruffa ta naɗe a ƙirji. Shirun ne ke tunatar da shi. "Tamam, tamam, ya Hukuma," zai ce. "'Yar'uwa shaƙiƙiya, tare da 'ya, ta hana ɗan'uwa na uba." Sai yatsu su koma aiki. Takwas suke yi a rana, wata rana shida in gwiwarsa ta tashi. Abin da suka gama da rana, kafin magariba yana kunnen Nana Aisha. Sau biyu ta dawo musu da gyara. Na biyun kuskuren Dakta ne da kansa, wanda ya shekara talatin a takarda ba wanda ya gani. Ya ciro jan alƙalami ya gyara, ya ce a gaya mata ya ji haushi kuma ya gode.

Kwamiti ya zo a ranar da ya ce. Mutum uku, suka kalli koren, suka sha shayi, suka tafi cikin rabin sa'a. Ba wanda ya sa abin kunne, ba wanda ya sauko ƙarƙashin matakala. Mahasin tana zane na saba'in da biyu a lokacin, sai daga baya ta ji labari.

Sun gama saura kwana huɗu. Takardar jarrabawar ma Alaa ne ya zauna da Dakta suka tsara ta a rubuce, ba wanda ya roƙe shi. Bara wata ce aka zaunar kusa da Nana Aisha ta karanta mata zane, tana cewa akwai layi nan, akwai wani can. Bana ita kaɗai ta shiga, da kwamfuta da abin kunne da mai sa ido a bakin ƙofa. Mahasin ta zauna a ɗakinta sa'a uku tana goge gilashin injin kwafi da ba shi da datti.

Bayan mako biyu sakamako ya fito yadda ya saba fitowa. Aka manna takarda a allon sanarwa da ƙusa huɗu, wani ɗalibi ya ɗauki hotonta ya tura zauren WhatsApp na ajin. Mahasin ta gani da safe tana shigowa, ta nemi suna ɗaya da yatsa, ta wuce ɗakinta. Ba a jima ba sanda ta bugi matakala. Wannan karon ba a yi tuntuɓe ba.

"Khalti, wayar ta ce hoto."  "Kowa yana ta ihu a zauren, ba wanda ya ambace ni. Kin gani?"

"Na gani."

"To faɗa mini, don Allah."

"A'a. Zauna."

Mahasin ta fita, ta ratsa cincirindon ɗalibai, ta cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya suna kallonta. Ta dawo da takardar ta jingina a gaban allo. Suna sittin da uku ne. Ta buga su duka, kowa da sakamakonsa, ba ta tsallake ko ɗaya ba, Nana Aisha tana zaune a kujerar hagu tana murɗa igiyar sandarta.

"Wallahi Khalti ke muguwa ce."

"Na gada. Yalla, buɗe shafin."

A jerin haruffan Larabci, sunan da ya fara da harafin nun yana kusa da ƙarshe. Sai da muryar ta bi ta kan su Ibrahim da Bakhita da Sulaimanu da Munzir, wannan ya ci, wannan ya faɗi, Nana Aisha ta matse wayar a kunne da hannu biyu. Sannan muryar ta ce, da saurinta na kullum, kamar ba wani abu ba ne: "Nana Aisha Lawali. Ilimin gado. Ta ci, da daraja mai kyau ƙwarai."

Ta ja yatsa baya, muryar ta sake faɗa. Ta sake ja. A karo na huɗu ta kifa fuska a kan tebur, tsakanin tulin takardu, kafaɗunta suna girgiza, wayar tana ci gaba da karanta sunayen da suka rage.

Mahasin ta ɗauki takardar ta mayar allon sanarwa, ta danna mata ƙusoshinta huɗu da babban yatsa. Da ta dawo ta zuba shayi kofi biyu, ta ajiye ɗaya, ta ce, "Kamu ɗaya gaban hannunki na dama. Da zafi." Sannan ta jawo muzakkirar tarihi, wadda rabinta taswira ce, ta buɗe shafin farko, ta nemi inda mutum zai tsaya ya fara.